Ɗan Farin Bamanga

Duk wanda ya saba shiga tiken shanu na Gombe ya san Bamanga, dogon Bafillatanin nan da ba ya rabo da malafa ko da hadari ya rufe rana. Dillali ne. In ya dafa bayan sa sau ɗaya zai faɗa maka naman da ke jikinsa, kuma da wuya mahauci ya ƙaryata shi. Shanun mutane yake shafawa yanzu, amma a cikin nasa shanun ya tashi, a rugarsu ta wajen Dukku. Ciwon huhu ya kwashe rabi, gonaki suka cinye burtali, sauran ya sayar ɗaya bayan ɗaya, har ranar da ya waiga bai ga abin korawa ba. Sai ya kama ɗaki biyu a unguwar Bagadaza, ya zama ɗan birni da ƙarfi da yaji.

Abu guda ne bai sayar ba, shi ne fulako. A wurin mutanensa uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya nuna wa jama'a ya san da zamansa. Kunya ce, kuma da ita ake auna mutum. Don haka ana yaye ɗansa na fari, Suhaibu, aka miƙa shi ga yayar Bamanga, Goggo Fanta, da ke aure a unguwar Malam Inna kuma ba ta taɓa haihuwa ba. A ruga wannan ba ya cutar da yaro. Baffanni goma ne a kansa, ga kakanni, ga karsanar da uba zai nuna masa da sanda ba tare da ya ce uffan ba, yaro kuwa ya gane tasa ce. A birni babu baffannin, babu karsanar. Kunyar ce kaɗai ta biyo su.

Kada a ce Bamanga ba ya son yaron nan. Yana sonsa har abin yana ba shi tsoro. Duk Juma'a sai ya yanki nama ya kai Malam Inna, ya ce wa yayar tasa, “Adda, a dafa wa yaran gida,” alhali yaro ɗaya tal ne a gidan. Ranar da sakamakon sakandare ya fito, sau biyu ya sa aka karanta masa takardar a bayan rumfa, ya dawo ya zauna fuskar nan kamar an aiko masa da sammaci. Da matarsa Dada ta rasu, ƙanwar Suhaibu, Rumaisa, kuma ta yi aure a Kumo, sai ya rage daga shi sai rediyo.

Suhaibu ya shekara uku yana neman gurbin karatu bai samu ba, ya kama acaɓa. Lokacin gari ya fara rikicewa, ko'ina shinge. Wata rana a wani shingen aka sauke shi, aka sa shi tsallen kwaɗo a gaban fasinjarsa, aka bi shi da mari. Ya biyo ta Bagadaza da kumburarren kunci ya durƙusa ya gaida Baffa, kamar yadda yake kiran uban. Bamanga ya kalli bango ya ce, “Wasu dai ba sa kiyaye hanya.” Kwana biyu tuwo bai wuce masa ba, amma wa zai gaya wa Suhaibu?

Wanda ya dafa kuncin nan da hannunsa wani baƙon malami ne da ke tara samari a wani kango bayan Malam Inna. Karatunsa bai taka kara ya karya ba, Goggo Fanta ma da ta jiyo shi ta katanga cewa ta yi ko ɗan almajiri ya fi shi natsuwa. Amma a faranti ɗaya yake ci da samarin, ya san sunan kowa, ya san wanda uwarsa ba ta da lafiya. Yana ce musu “'ya'yana.” In ya gama jin kukansu sai ya nuna musu wanda ya jawo, kullum kuma jerin masu laifin ƙaruwa yake yi: gwamnati, 'yan boko, Kiristoci, sannan malaman gari, sannan iyayen da suka yi shiru. Ba a jima ba Suhaibu ya ce sallar Goggo ba ta yi ba, ya daina amsa gaisuwar Isaiah.

Isaiah Batangale ne, tsohon direban motar shanu, abokin Bamanga na shekara ashirin. Shi ma da tasa damuwar. Babban ɗansa ya shiga wata ƙungiyar addu'a, ya dawo yana cewa kada a sake shigo musu da naman layya, kada uban ya sake zama da Musulmi.

“Ciwo ɗaya ne ya kama su, Bamanga,” in ji Isaiah wata rana suna cin gyaɗa a inuwar mota. “Muna nan muna neman abin da za su ci, wasu suna can suna sauraronsu. Ni dai na zaunar da nawa, mun yi faɗa, amma mun yi magana. Kai ma ka kira naka.”

“A wurinmu ba a yin haka.”

“To, a kangon can ana yi.”

Bamanga ya ji zafin maganar, ya bar ta a kan cewa Adda za ta ja masa kunne.

Wata ranar kasuwa, tike ya cika, dillalai suna zaune a rumfa, sai ga Suhaibu. Bai taɓa zuwa wurin uban a kasuwa ba. Ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban kowa.

“Baffa, malam zai tafi da mu gabas ƙarin karatu. Na ce sai na tambaye ka.”

A shekarar nan ko yaron goye ya san abin da gabas take nufi: dajin masu tayar da ƙayar baya. Kalmar tana bakin Bamanga, zauna kawai zai ce. Amma ga Ardo Bubayero a gefensa, ga sauran dattawan Fulani sun yi tsit suna jira su ga ko birni ya cinye Bamanga har zai tsaya shawara da ɗan farinsa a bainar jama'a. Ya yi lissafi a ransa: la'asar na yi zai je Malam Inna ya sa Adda ta hana, ta kulle ƙofa in ta kama. Haka ake yi, haka aka yi masa.

“Ai kana da uwa a Malam Inna,” ya ce, idonsa a kan wata saniya. “Ita za ka tambaya.”

Suhaibu bai tashi nan da nan ba. Ya ɗan jira, ya ɗago ya dubi fuskar uban, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya ce, “To, Baffa,” ya sa takalminsa. Ardo Bubayero ya gyaɗa kai, alamar Bamanga ya yi daidai.

Da la'asar Bamanga ya isa Malam Inna, Goggo Fanta ta ce ita rabonta da yaron tun safe. Kangon ma ba kowa, sai tabarmi.

Abin da ya biyo baya a kan Goggo ya sauka. Gidanta aka bincika, ita aka yi ta kira ana tambaya, ita maƙwabta suka daina shigar wa. Bamanga kuwa ba wanda ya taɓa shi, don a takarda da bakin mutane yaron ɗan Fanta ne. Fulakon da ya raba shi da ɗansa shi ya kare shi, ya kuwa tsani wannan kariyar. Bayan shekara biyu Goggo ta rasu. Isaiah ma ɗansa ya ɗauke shi ya mayar da shi Billiri, sai gaisuwa ta bakin direbobi. Bamanga ya ci gaba da zuwa tike, ya dawo ya dama furarsa shi kaɗai. Duk motar da ta sauke shanu daga gabas sai ya je ya tsaya, wai duba kaya yake yi.

A shekara ta shida aka ɗauki wani sabon mai lodi, Iro, wanda ake raɗe-raɗin daga daji ya fito, ya bi ta sansanin tubabbu aka sallame shi. Kowa na gudunsa. Bamanga ya yi mako guda yana kewaya shi kafin ya same shi shi kaɗai wajen kwamin ruwa. Ya kwatanta masa: dogo, fari, ɗan Malam Inna, da tabo a girar hagu.

“Na san shi, Baba,” in ji Iro. “Mun zauna wuri ɗaya. Zazzaɓi ya kashe shi, damina uku ke nan, da hannuna na zuba masa ƙasa.” Ya juyo ya dubi Bamanga. “Yakan yi zancen wata goggonsa. Ya ce mana shi maraya ne, bai tashi da uba ba. Kai ɗan'uwan mahaifin ne?”

Bamanga ya riƙe sandarsa da hannu biyu. Ya so ya ji haushin Suhaibu, ya nema bai samu ba. Ya yi wa Iro godiya, ya bar cinikin da ya faro, ya tafi gida a ƙafa.

Washegari da hantsi ya share ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarma biyu, ya ajiye buta, ya zauna zaman makoki. Mutane suna wucewa suna kallonsa. Can sai maƙwabcinsa Abdulrauf tela, wanda suka shekara goma sha biyu katanga ɗaya, ya tsaya ya yi sallama.

“Malam Bamanga, lafiya? Wa aka rasa?”

“Ɗana.”

Abdulrauf ya yi salati a hankali, ya fara cire takalmi, sai ya tsaya.

“Ashe kana da ɗa namiji?”

Bamanga ya gyaɗa kai, ya matsa masa wuri a kan tabarmar.