Kunun Tahira

Tahira ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun tana ƙarama ba ta iya dama kunu ba. In aka ba ta muciya sai ta tsaya leƙen kumfar da ke tasowa a bakin tukunya, tana tambayar Inna me ke motsi a ciki. Ni kuwa, Sauda, ni ce mai surfe, ni ce mai kai niƙa, ni hayaƙi ya cinye wa ido. Innarmu Luba ke yi wa ƙauyenmu kunun zaƙi, nan gefen Dawakin Tofa, ko suna ne, ko biki, ko noman gayya. Tana da tsohuwar tukunyar ƙasa da ba ta yarda a kankare cikinta, wai a nan daɗin yake. Kowa ya san ranar da ƙarfinta ya ƙare, 'ya ɗaya za ta miƙa wa tukunyar da sana'ar. Ni dai ban taɓa lissafa kowa ba sai ni.

Tahira ta yi boko har jami'a, ta karanci ƙwayoyin cutar da ke shiga abinci, ta sami aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Rijiyar Zaki. In ta zo gida da farin gilashinta, sabuwar tabarma Inna ke shimfiɗa mata. Ni ko sannu da aiki sai na yi tari an tuna da ni. Abin yana ci mini rai, ba na ɓoyewa.

Bara aka yi sunan jikan Malam Dabo na nan ƙauyenmu. Taron ya fi ƙarfin tukunya, sai gidan suna suka aiko da sabon duron roba da sassafe, suka ce a dama kunun a ciki, da azahar suke so. Kunun zaƙi kuwa kwana yake yi kafin a tace. Na ce, "Inna, kunun nan bai kwana ba, ko tsami bai fara ba." Ta ce in rufe mata baki, a ƙara sukari da ruwan rijiya ya ishi jama'a. Washegari mutane suka wuni zarya a bayan gida, har da yaran da aka kai asibiti. Mata suka fara cewa hannun Luba ya lalace, aka daina aiko mana da gero.

Tahira ta zo ta ɗebi ragowar kunun da ruwan rijiyar a kwalba ta tafi da su. Da ta dawo ta tara matan a tsakar gidan Malam Dabo.

"Akwai ƙwayoyin halitta a cikin kunu da ido ba ya gani, sukari suke ci, kamar mu," in ji ta. "Kowace tana da sinadarai a cikinta, enzayim muke ce musu, su ke farfasa sukari daki-daki ta sami ƙarfin hayayyafa. Waɗanda ke maƙale a tukunyar Inna masu amfani ne. In sun farfasa sukari tsami suke fitarwa, tsamin ke hana masu cuta sakat. Duron roba ba shi da su. Sai masu cutar da suka biyo ruwan rijiya suka tarar da zaƙi ba mai tsaronsa, ga zafin rana, suka ci suka yaɗu."

Wata tsohuwa ta ce, "Wato dai kunun bai kwana ba."

"Shi ke nan, Iya," in ji Tahira.

Matan suka yi ta jinjina kai suna sa wa karatu albarka. Na zuba wa Inna ido, ina jira ta ce Sauda ma ta faɗa tun ranar. Tana can tana share hawaye da gefen mayafi, tana kallon Tahira.

Ban ce yarinyar ba ta yi ƙoƙari ba. Ta wanke sunan Inna, ta sa muka koma tafasa ruwan tata, aiki ya dawo har ya fi da. Amma kishinta ya zauna mini a ƙirji.

Da kaka ciwon gwiwa ya zaunar da Inna. Ta kira ni, ta dafa tukunyar, ta ce, "Ga ta nan, Sauda, taki ce. Ban da kankarewa, kin ji dai abin da Tahira ta ce." Na karɓa da hannu biyu. Abin da nake jira ke nan tun ban kai tsawon turmi ba.

Shekaranjiya matar Malam Dabo ta shigo, ta tarar da ni tsugune a gaban murhu, idona na zubar ruwa. Ta ce bikin 'yarta ya matso.

"Randa za ki cika mana, Sauda," in ji ta. "Amma fa kunun Tahiran nan muke so, kin gane ai."

Na ce to. Na tashi na jiƙa gero.