Ranar da Na Ce wa 'Yata A'a

'Yata ta biyu tana aiki a ƙaramin asibiti a Godogodo. Da aka zaɓe su cikin wani bincike kan hawan jini, sai aka ce kowa ya fara yin kwas ta intanet, wanda bai ci ba ba zai shiga ba. Can netwok ba ya zama, don haka duk Asabar sai ta zo gida Kafanchan, ta kafa kwamfuta a teburin falo. Ni ina gefe ina tsince acca, kunnena yana wurin darasin. Turancina bai kai ko'ina ba, amma ina gane muryar mai haƙuri, kuma malamarsu tana da shi.

Jarrabawar ƙarshe ita ce ta nemi yardar mara lafiya kan shiga binciken, malamar tana kallo ta bidiyo. 'Yata ta ce, "Mama, ke za ki zama mara lafiyata."

Na yi wanka, na ɗaura zanen zumuntar mata ta coci. Da malamar ta fito a kwamfutar, na gaishe ta, na tambayi maigida da yara, har 'yata ta taɓa min ƙafa. Ta fara bayani da Hausa: za a riƙa auna ni, a ɗebi jini kaɗan. Ban bari ta kai ƙarshe ba na ce na yarda. Ta ce ko ina da tambaya. Na ce, "Babu, na yarda da komai." A wurinmu ba ka musa wa ɗanka a gaban baƙo, balle a gaban malaminsa.

Ba ta ci ba. Malamar ta ce 'yata ta karɓi yardar wadda ba ta ji bayani ba. Saura dama ɗaya.

Ranar ko gwate ba ta sha ba. Na ce, "To ni me na yi? Taimakonki fa na yi."

"Mama, da da gaske ne, za ki ba da jinin?"

Allura, ko a hannun wani, ba na iya kallo.

"To abin da za ki faɗa ke nan."

Asabar ta zagayo. Na tambaye ta ina za a kai jinin, wa zai ga sunana, kuma in na fara na gaji fa. Ta amsa a hankali, ta ce in maimaita mata abin da na ji, na maimaita. Sannan na ce, "'Yar nan, ba na so."

Ko fuska ba ta canza ba. "Ba komai, Mama. Maganinki yana nan yadda yake, duk ranar da kika zo za a duba ki."

Malamar ta gyaɗa kai, ta ce 'yata ta ci.

Da 'yata ta rufe kwamfutar ta ce matan Godogodo duk irina ne, "to" yake fita kafin ta gama gaisuwa. Na ce sai ta riƙa ba su kujera tukuna, ta bar su su huta.