Kifin Da Na Shigo Da Shi Gidanmu Da Bakina

Lokacin da nake digiri na biyu a fannin sinadaran jiki, ni ce abin tinƙahon gidanmu a unguwar Shahuci, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana fasa min kai. Bincikena a kan kifin shak ne, babban kifin teku mai haƙora, kifin da ban taɓa gani da rai ba, sai yankan jijiyarsa da ake kawo mana daga bakin teku cikin ƙanƙara. Mahaifina mai ɗinkin hannu ne, shi ke yi wa manyan riguna aiki, allurarsa ce ta kai ni jami'a.

Wani hutu ya tambaye ni me nake nema a jikin kifi. Na gyara zama na ce jijiya mai kai saƙo da sauri tana da riga da ake kira mayelin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, an naɗe ta ninki a kan ninki. Na ce furotin ɗin da ke manne ninkin a jikin shak ɗan'uwan wanda ke jijiyoyin hannu da ƙafar mutum ne. Ya yi ta jinjina kai, ni kuwa ganin haka na ƙara zuba. Abu ɗaya ban faɗa ba, don a ganina kowa ya sani: cin kifin ba ya gyara jijiyar kowa, ciki ne zai narkar da shi kamar kowane abinci.

Bayan na koma makaranta yatsunsa suka fara mutuwa, allura tana suɓuce masa. Ƙanen mahaifiyata ya ji mai tallar magani da lasifika wajen Ƙofar Na'isa yana kirarin ƙwayar man shak, ya sayo da murnarsa, ya ce ai likitar gida ma, wato ni, ta faɗa. Mahaifina ya hana a gaya min, wai kada a raba min hankali. Watanni yana haɗiya, duk mai cewa a je asibiti sai a rufe masa baki da sunana.

Da na dawo na same shi ba ya iya ɗaura agogo, ƙafafunsa ma sun yi nauyi, hankalina ya tashi. Likita ya ce garkuwar jikinsa ce ke cin rigar jijiyoyin, kuma da an zo da wuri, da an ceto abu mai yawa. Ƙafafun sun samu sauƙi, alhamdulillahi. Yatsun ba su dawo ba.

Har yau abin yana ci na a rai. Ina roƙon masu karatu, in za ku yi wa iyaye bayanin iliminku, ku kai zancen ƙarshe, ku faɗi abin da ba ya yi, domin maganarku a wurinsu hujja ce. Mahaifina bai taɓa ɗora min laifi ba. In baƙi suka zo, da hannun nan da ba ya riƙe allura yake nuna ni, ya ce ga 'yarsa da ta san jijiya.