Wane Maigidan Inna Take Nufi

Babana mai gyaran agogo ne. Shekara arba'in da ɗoriya yana wannan sana'a a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matattakalar bene, wanda in ka ware hannu biyu za ka taɓa bangonsa hagu da dama. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, sai gwangwanayen alewa cike da ƙananan ƙusoshi. Duk unguwa Mai Agogo ake ce masa. Mutum ne da ba ya son magana biyu. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, ba zai ce maka wajen uku ba, sai ya ce uku saura minti huɗu. To wannan mutumin ne Allah ya ajiye a gidan da suna ɗaya yake da masu shi biyu.

Aikin Inna ne, Allah ya jiƙanta. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta tsinci ɗan mage a cikin kwali a bayan shagon, ruwa ya yi masa duka. Baba ya ce ba zai kwana a gidansa ba. Ya kwana. Kafin wata guda ya ƙwace kujerar Baba ta falo, ya miƙe ƙafa, ba ya tsinana komai sai jiran a sauke tukunya. Inna ta dube shi ta ce, "Ai ga maigida na biyu." Sunan ya bi shi. Tun daga ranar, in ta ce Maigida ya yi fushi, ko Maigida ya fita tun safe bai dawo ba, sai ka leƙa ka ga ko takalmin Baba yana bakin ƙofa kafin ka san wanda ake nufi. Shi kuwa Baba bai taɓa kiransa da sunan ba. "Wannan abin" yake ce masa.

Ni ce auta, kuma ni ce a gefen gadon Inna ranar da ta cika. Ta kama hannuna ta ce, "Auta, ki kula min da Maigida." Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji. Ni dai ban yi wani dogon tunani ba, wa zai yi tunanin mage a irin wannan lokaci? Na ɗauki hutu daga makarantar da nake koyarwa, na tattaro kayana na dawo gida don in kula da mahaifina.

Na kuma ɗauka ina yi. Da can kullum Baba yana dawowa gida cin abincin rana, amma bayan rasuwar ya ce in riƙa zuba masa a kula ya tafi da shi shago, wai aiki ya taru. Da yamma kular ta dawo tas. Na ce alhamdulillahi, yana ci. Magen kuwa ina zuba masa nasa a murfin bayan wani tsohon agogon bango, wanda shi ne farantinsa tun yana ƙarami, in ajiye a kicin in kama gabana. Da fari yana ɗan taɓawa. Daga baya ya shige ƙarƙashin gadon Inna ya ƙi fitowa.

Mako uku da rasuwar, da safe, na tarar da Baba durƙushe a gefen gadon da tocila a hannu.

"Auta, yau kwana huɗu da awa shida wannan abin bai ci komai ba."

"In yunwa ta ishe shi zai fito, Baba."

"Amana aka bar mana," ya ce, bai ko dube ni ba. "A gabana ta faɗa miki."

Na yi turus. Na ce, "Baba, ai kai take nufi."

"Ni me za a kula da shi a jikina? Shi take nufi."

Wallahi raina ya ɓaci. Na bar aikina da ɗakina, mako uku ina tsaye a kan tukunya, ashe a wurin Baba na ci amanar uwata ne saboda mage. Sai kuma kaina ya ɗaure, don da na sake juya maganar Inna a zuciyata, na rasa ta inda zan rantse cewa ni ce da gaskiya.

A layinmu akwai wata tsohuwar nas da muke kira Anti Mai Maguna. Ita ce shugabar 'yar ƙungiyar da ke kula da dabbobin unguwa. Suna ajiye ruwa da abinci a lunguna, suna kai marasa lafiya wurin likitar dabbobi, wadda ta ware musu ranar Laraba. Ranar kuwa Laraba ce. Na je na gaya mata, ta ba ni aron kwando mai murfi, ta kuma rubuta a guruf ɗin unguwa na waya cewa Maigidan gidan Mai Agogo kwana huɗu bai ci ba, yau za a kai shi asibiti, mai mota ya taimaka. Na ga saƙon da idona, ban ga aibunsa ba. Mai kantin magani ya zo da motarsa a guje, ya ga Baba tsaye garau da kwando a hannu, ya yi kasaƙe, sannan ya buɗe mana ƙofa.

Asibitin dabbobin ɗaki biyu ne da benci. Akwai mai akuya, akwai wata mata da aku a keji, ga warin maganin goge ƙasa. Budurwar da ke rubuta kati ta ɗago biro.

"Suna?"

Baba ya yi gyaran murya, kamar mai haɗiyar ƙwaya ba ruwa. "Maigida."

"Na magen nake tambaya, Baba."

"Shi na faɗa miki."

Ta dube ni, na gyaɗa kai. Ta rubuta. "Sunan mai shi fa?"

"Ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. To yanzu na wa ne?"

Baba ya dube ni, na dubi Baba. Ta gaji da jira ta bar wurin fili.

Likitar mace ce gajeriya mai saurin hannu. Ta ɗora magen a kan teburin ƙarfe, ta buɗe bakinsa, ta latsa cikinsa, ta ja fatar bayan wuyansa ta saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ta aske masa gashin ƙafar gaba ta sa masa ruwa. Shi da ba shi da ƙarfin ɗaga kai, sai da ya samu na kai mata yakushi ɗaya. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Baffa ne, ƙanin Baba, yana haki.

"Auta, an ce kwana huɗu bai ci ba? Wane ɗaki aka kwantar da shi?"

"Ba a kwantar da shi ba, Baffa. Yana kan tebur, an aske shi ana ƙara masa ruwa."

"Aske shi kuma? Yana magana?"

"Magana kuma? Ya dai yakushi likita."

Baffa ya ce a hankali, "Yayan nawa ne ya yakushi likita?"

Sai a lokacin na gane. Ashe yana babban asibiti, ya zaga ɗakin maza kaf da bargo da filas ɗin shayi, mutum shida na biye da shi. Na yi masa bayani sau uku. A na ukun ya ce, "Ke da uwarki Allah ya shirye ku," ya tuna ta rasu, ya yi ta istigfari har ya kashe wayar.

Likitar ta gama dube-dubenta ta ce ba ta ga ciwo ba, haƙora lafiya, ciki ba kumburi. Amma ta ce mage ba kamar kare ba ne, in ya daɗe bai ci ba hantarsa ce ke lalacewa. Ruwan nan zai riƙe shi kaɗan. In bai ci da bakinsa ba nan da kwana biyu, ba ta ba mu tabbacin zai tashi ba.

"Ya ake ba shi abinci?" ta tambaya.

Na ce, "Zubawa ake a ajiye masa mana."

"Ke kenan. Marigayiyar fa? Mage da sabo yake rayuwa. Wuri, lokaci, har murya."

Ban sani ba, shekarata tara ba na gidan. Baba ne ya amsa. "Ƙarfe ɗaya da kwata. A falo, kusa da ƙafar kujerata. Takan tsaya a ƙofar kicin ta ce, Maigida, abinci ya sauka."

"To kai ka gwada kiransa haka?"

"Likita, ni zan kira kaina?"

Ta yi dariya, ni ma na yi, shi bai yi ba.

A waje Anti Mai Maguna tana jiranmu a benci. Baba ya wuce mota da kwando, ita kuma ta jawo ni gefe. Ta ce magunan bayan shagon Baba sun yi ƙiba 'yan kwanakin nan, shinkafa da kifi kullum, har sun raina abin da ƙungiya ke zuba musu. Ta ce ta ɗauka sadaka yake yi wa marigayiya. Ashe abincin kular nan Baba yake juye musu. Na hango shi ta gilashin mota, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, agogon hannunsa ya zame har gadon hannu. Mako uku ina wanke kular nan ina yabon kaina. Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya. Ga wanda na ce shi aka ba ni amana, ga wanda Baba ya ce shi ne, kuma babu ko ɗaya da na riƙe.

Da muka isa gida akwai takalma fal a ƙofa, 'yan dubiya ne da lemo da ayaba. Wasu suka gaishe da Baba da jiki, wasu suka leƙa kwando, wata tsohuwa ta yi wa duka biyun addu'a don kada ta yi kuskure. Baffa ya sallame su. Magen kuwa ana buɗe murfi ya ja jiki ya koma ƙarƙashin gado.

Na dafa shinkafa da kifi. Na ɓare tsokar kifin a murfin agogon, na kai falo na ajiye kusa da ƙafar kujera, na ajiye farantin Baba a kan tebur. Shi yana can gefen taga ya ba ni baya, da gilashi a ido, yana tonon wani agogo da babu abin da ya same shi.

"Saura minti biyu," ya ce.

Na tsaya a ƙofar kicin. Kalmar ta yi min nauyi a baki, ba tawa ba ce, kuma ban san wa zan duba ba in na faɗe ta. Agogunan falo suka cika ɗaya da kwata. Na dubi bango na ce, "Maigida, abinci ya sauka."

"Na'am, ga ni nan," Baba ya amsa.

Ya fita daga bakinsa kafin ya sani. Ya tsaya cak, gilashin ya faɗo daga idonsa ya gangara ƙarƙashin tebur, bai bi shi ba. Daga ɗakin Inna muka ji motsi. Magen ya fito yana tangaɗi, ƙafa ɗaya a aske, ya zo ya zauna a gaban murfinsa. Bai taɓa ba. Ya ɗaga kai yana kallon kujera.

Baba ya tashi ya wanke hannu, ya zo ya zauna. Ya daɗe yana kallon farantin. Sannan ya kai loma ɗaya baki, yana tauna hawaye na bin gemunsa. Magen ya sunkuya ya fara lasar kifin.

"Ci a hankali, Maigida," Baba ya ce.

Na koma kicin na ɗauki kular nan na ɗora ta can saman kabad.