Ta Tsohuwa Ce

Shekarar da na bar koyarwa a firamare, ban yi wata uku a zaune ba aka zo nemana. Wata ƙungiyar agaji ce za ta kawo likitoci su yi aiki kyauta ga yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe, suna neman mata masu rubutu da za su shiga gida-gida su zaƙulo su. Ni kuwa na iya rubutu, na iya shiga gidan mutane ba a kore ni ba, ga ɗan Fulatancin gaisuwa da na tsinta a bakin masu kawo mana nono. Aka ba ni ƙauyuka da rugagen da ke gefen Ba'awa.

Kwana biyu muka yi a Kiru ana koya mana tambaya. Wani ma'aikacinsu mai gilashi ya tsaya gaban allo yana nuna wa irina, mace mai 'ya'ya bakwai, yadda ake gaida mace a ɗakinta. Na dai saurara, tunda ana ba mu shinkafa da rana. Fom ɗin shafi guda ne: sunan mai gida, 'ya'ya nawa, ko akwai mai lalurar a cikinsu. In aka ce babu, ka ja layi ka yi gaba. Ya maimaita mana har sau uku cewa kwana biyar likitocin za su yi, kuma duk yaron da sunansa bai shiga takarda ba kafin a rufe, sai dai ya jira wani zuwan, wanda shi kansa bai san ranarsa ba.

Lokacin an gama girbin dawa, an saki gonaki. Ɗan acaɓa yakan sauke ni inda hanya ta ƙare, in ƙarasa a ƙafa ta cikin kara. A mako na biyu na isa wata ruga ƙarama, bukkoki ba su fi shida ba. Mazan duk sun yi kudu da shanu, an bar mata da maruƙa da 'yan shanun tatsa. Na bi ɗaki-ɗaki har na zo na ƙarshe, inda na tarar da wata doguwar mata tana goge ƙwarya. Ba za ta wuce talatin ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa da Fulatancina har ya ƙare, muka koma Hausa.

Na ce, "'Yar'uwa, 'ya'yanki nawa?"

Ta ce, "Ga su nan kina gani, Malama."

Ɗaya na goye a bayanta, biyu na wasa da ƙasa kusa da maruƙa. Na kira su na duba bakinsu ɗaya bayan ɗaya, lafiya ƙalau. Na rubuta uku. Ina cikin rubutun wata yarinya mai kamar shekara goma ta fito daga bayan bukka da nono a ƙaramar ƙwarya, ta durƙusa ta ajiye a gabana. Da hannu ɗaya ta kawo shi. Ɗayan hannun yana riƙe da gefen mayafinta, ta rufe fuskarta har zuwa hanci.

Na ce, "Wannan fa?"

Matar ba ta ko ɗaga ido wajen yarinyar ba. Ta ce, "Ta tsohuwa ce."

"Ina tsohuwar?"

"Ta bi shanu wajen Doguwa. Zazzaɓi ne ya hana a tafi da wannan."

Sai na ƙiyasta a raina jikar wata tsohuwa ce da aka bari riƙo, gidansu kuma ba ya cikin takardata tunda masu shi ba sa nan. Rufe fuskar kuwa na ɗauke shi kunyar baƙo. Na sha nono, na yaba, na ja layi.

Abu biyu ne ban gane ba ranar. Yarinyar 'yar farin matar ce, leɓenta na sama kuma a tsage yake har gindin hanci. Daga baya na ji ita matar ce ta aike ta da nonon, ta ce ta kai da kanta, don in gani. Yarinyar kuwa ta yi abin da ta saba yi gaban kowane baƙo.

Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne, ba baƙuwar al'adar ba ce ni. Tawa 'yar farin, tun daga yaye mahaifiyata ta ɗauke ta. Yanzu tana da 'ya'ya huɗu, amma ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, kuma in aka tambaye ni 'ya'yana daga na biyu nake fara lissafi. Da a gidan suna aka ce mini "ta tsohuwa ce", da tun kafin a rufe baki na gane. Amma ranar da biro a hannuna da fom a cinyata, kunnena ya zama irin na mai gilashin.

Ranar kasuwa ta zagayo, sai ga matar ta yi sallama a gidana da man shanu a cikin ƙoƙo. Ban san yadda ta gano gidan ba. Ta zauna bakin tabarma, muka yi maganar ruwan sha da ya fara ja baya, da wata saniyarsu da ta ƙi barin a tatse ta. Can ta ce, "Takardar nan taku ta cika ne, Malama?"

Na ce da saura.

"Masu leɓen duk an same su?"

"Duk wanda aka gaya mana mun rubuta."

Jim kaɗan ta tashi, na ce nawa ne man, ta ce ba na sayarwa ba ne.

Mako na zagayowa ta sake zuwa da wani ƙoƙon. Na uku ta zo da yarinyar, ta zaunar da ita daidai gabana, ita ta koma gefe ta ba ta baya. Yarinyar na riƙe da mayafinta kamar kullum. Na miƙa mata ƙosai, ta karɓa ta ƙulle a gefen zani. Matar ta ce, "Tsohuwa dai har yanzu ba ta dawo ba." Na ce Allah ya dawo da ita lafiya. Ta ce amin. Ta sake cewa, "Da tana nan, da ta zo wajenki." Na ce ai ba komai, in ta dawo a gaishe ta.

Da suka fita maigidana ya ce, "Ke, mutum ya kawo miki man shanu sau uku daga nisan duniya, kina tsammanin kyan fuskarki ya biyo?" Na ce masa mutanen daji akwai zumunci, ba irinsa ba. Washegari na kai takarduna Kiru na miƙa. Sunaye biyu na samo a duk yawona, ina ta jin kaina na yi aiki.

Likitocin suka zo bayan kamar wata guda. An ba su aron gefe ɗaya na wani asibiti, motoci suna sauke mutane daga Bebeji da Tudun Wada har da can Doguwa. Ni aka ajiye a tebur a baranda ina kiran suna. Ban taɓa sanin masu lalurar suna da yawa haka ba. Akwai jarirai, akwai waɗanda sun isa makaranta, kusan kowanne uwarsa ta ja masa wani abu ta rufe bakin.

Tun ranar farko na hango matar da yarinyar a gindin wata darbejiya, can wajen famfo. Na ɗaga mata hannu, ta ɗago mini. Na ɗauka nono ta kawo wa masu jinya. Rana ta biyu suna nan, ta uku ma haka. Sai da komai ya wuce na tuna babu ƙwarya a gabanta. Ashe tana jira ne ta ji an kira su. A rugarsu kowa ya ga yarinyar ta durƙusa a gabana, kowa ya ɗauka na gani na rubuta, shi ya sa babu wadda ta ga dalilin yi mini magana. Ita kaɗai ce take da shakka, ita ce kuma ba za ta iya tambaya ba.

Rana ta huɗu bayan azahar na je famfo yin alwala. Yarinyar na sunkuye tana shan ruwa da tafin hannu biyu, mayafin ya zame mata zuwa kafaɗa. Ruwan yana shiga yana dawowa ta tsagar. Ta ɗago muka haɗa ido, ta yi wuf ta ja mayafin.

Na ajiye butar na nufi gindin bishiyar. Raina a ɓace yake, kuma a kanta na fara saukewa.

Na ce, "Haba baiwar Allah! Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Na kawo miki ita, Malama. Sau biyu."

Sai a lokacin na dubi doguwar fuskar yarinyar, na dubi tata. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun ina amarya. Na kama hannun yarinyar muka shiga ciki, matar na biye da mu daga nesa.

Babbar nas ɗin da ke tsara aikin mace ce mai faɗa, amma tana saurare. Ta ce takarda ta rufu tun tuni, kuma gobe ne ranar ƙarshe. Na ce laifina ne, ba na yarinyar ba. Ta ce wannan bai ƙara wa gobe awa ko ɗaya ba. Ta ɗaga haɓar yarinyar ta duba, ta ce ta buɗe baki, ta haska. Sannan ta buɗe wani littafi ta daɗe tana kallo. Wani yaro da aka kawo daga Tudun Wada ya kwana da tari, likita ya ce ba za a sa masa maganin barci ba. Gurbinsa na safiyar gobe babu kowa. Ta ce in an gwada jinin yarinyar ya yi kyau, za a kwantar da ita yau. Amma sai uwa ko uba ya dangwala hannu a takardar amincewa, yanzu, domin akwai wasu biyu a waje da su ma babu sunansu.

Mai cike takardar wani magidanci ne da suka zo da shi daga birni. Teburinsa na bakin ƙofa, kusa da benci, a kan bencin kuma akwai matan Fulani huɗu ko biyar, har da wata dattijuwa da na san daga rugar da ke maƙwabtaka da tasu take. Ya ɗauki biro bai ɗago kai ba.

Ya ce, "Wace ce mahaifiyarta?"

Matar na tsaye jikin bango. Ba ta motsa ba.

Ya ɗago ya dube mu. "Ina uwar yarinyar nan?"

Na ce, "Ga ta nan, Malam."

Ya ce, "Ke ce uwarta, Hajiya? To ki bari ta amsa. Ba a dangwala wa 'yar wani." Ya juya wajenta. "Baiwar Allah, 'yarki ce?"

Matan kan benci duk suka sunkuyar da kai. Ni da na jawo abin na tsaya kamar an dasa ni, domin na san abin da ake nema a bakinta, na kuma san ko ni aka tsayar a gaban mutane haka sai na haɗa gumi. Mutumin ba mugu ba ne, aiki ne ya yi masa yawa. Ya jira iya jiransa, ya ce in babu iyaye a kusa a kira na gaba, ya fara janye takardar.

Sai matar ta juya fuskarta ga bango gaba ɗaya, ta miƙo hannun dama ta baya, babban yatsa a tsaye. Ba ta ganin inda tawadar take, sai lalube take a iska. Yarinyar ta dubi hannun. Ta saki mayafin, ta kama wuyan hannun da hannayenta biyu, ta kai yatsan kan tawada, ta kai shi kan takarda ta danna. Bakinta a buɗe gaban kowa, ba ta kula ba.

Mutumin ya dubi shaidar yatsan, ya dube ni. Na gyaɗa masa kai. Ya rubuta abin da zai rubuta ya ce a kai ta gwajin jini.

Washegari da hantsi aka shiga da ita. Matar ba ta bi ta ɗakin ba, dattijuwar nan ce ta zauna da yarinyar. Ita ta koma gindin darbejiyarta da goyonta, tawadar na nan shuɗiya a yatsanta. Wajen azahar nas ta leƙo ta ce an gama, an ɗinke, yarinya ta farka tana neman ruwa. Na bar teburina na je na gaya mata.

Ta saurare ni har na gama, idonta na kan famfo. Ta ce, "To, madalla. Sai a aika wa tsohuwa."

Ta yunƙura za ta tashi, sai ta koma ta zauna.