Wata Biyar a Turke

Ni mutum ne da ba na iya ganin abu a hannun wani in zauna lafiya. Haka Allah Ya yi ni, kuma wannan halin ne ya sa na sayi doki, ni da rabona da hawan ko jaki tun ina wasan ƙasa.

Lokacin muna jihar Gongola, ina koyarwa a wata firamare a Mubi, ina haya a Nassarawo ni da matata. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani malamin asibiti, Kirista, mutumin duwatsun Michika, wanda ya girme ni da kamar shekara goma sha biyar. Allura yake yi da wankin miki, amma duk unguwa Likita ake ce masa, ni ma haka nake kiransa. Yana da wani tsohon farin doki mai sanyin hali. Kullum la'asar sakaliya sai ya ɗaura sirdi ya fita kilisa, ɗan zagayen nan na motsa doki, shi da wasu abokansa biyu. Ba 'ya'yan sarauta ba ne, ba masu hali ba ne, sha'awa ce kawai. Ni kuwa ina ƙofar gida da tulin littattafan 'yan aji, da na ji ƙarar kofato ta wuce sai jan biro ya tsaya mini a hannu.

Da farkon damina na kasa daurewa. Ban yi shawara da kowa ba na tafi kasuwar shanu, na tarar wani Bafillace daga wajen iyaka ya kawo jan doki mai baƙar geza, da ɗan fari a goshi. Ramamme ne, daga nesa kana iya ƙirga haƙarƙarinsa, amma idonsa ƙyar a kan kowa. Mutumin ya ce mini dokin tafiya ne, bai saba da zama ba. Na ce to. Ban ma saurare shi ba, hankalina yana can wurin yadda zan wuce ta ƙofar makarantarmu a kansa.

Da na biya na jawo dokin gida, Likita ya zagayo ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa kofato da yatsa.

"Malam, ka yi sa'a," ya ce. "Ƙafa nashi mai kyau ne. Doki ai ƙafa ne, saura duka ado."

Hausarsa ke nan, ba ruwanta da mace da namiji. Ya ara mini tsohon sirdinsa da linzami, ya ce in bari sai Lahadi, in ya dawo daga coci mu fita tare ya nuna mini zama da riƙo. Ina zan iya jira har Lahadi? Asabar da hantsi, yana wurin aiki, na ɗaura sirdi ni kaɗai na haye.

Hanyar Kolere na bi, don can ba idon sani. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, hanya duk ta zaizaye, daga rami sai taɓo. Da farko lafiya lau, har na fara gyara zaman hula. Sai ga wata a-kori-kura ta taho tana tangaɗi cikin caɓi, direba ya danna ham. Doki ya zabura. Ni kuma na fizgi linzami iya ƙarfina, ban san ƙarfen nan da ke cikin bakinsa ba a yi masa haka ba. Ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya. Na ga geza, na ga sama, sai ji na yi ƙasa ta make ni a gadon baya, numfashina ya ɗauke. Ina kwance kofatonsa ya sauka dab da kunnena, tsakaninmu bai kai faɗin tafin hannu ba.

Mota ta yi gaba abinta. Dokin ya koma gefe yana cin ciyawa kamar ba shi ba. Na tashi na jawo shi a ƙasa har gida, na ce wa matata santsi ne ya kwashe ni ina jansa. Ta dube ni, ta dubi taɓon da ke ƙeyata, ta je ta ɗora mini ruwan wanka.

Ba abin da ya karye a jikina. Amma tsoro ya shige ni, irin wanda ban taɓa sani ba. In na kalli likkafa kawai sai in kawar da kai. Yanzu da na tsufa nake faɗa. A lokacin ko wuƙa za a sa mini a wuya ba zan faɗa ba. Ni da nake tsawa ɗaya aji ya yi tsit, a ce dabba nake tsoro?

Lahadi da la'asar Likita ya tsaya ƙofar gida a kan farinsa, ya ce, "Malam, a fito." Na fita na ce masa na duba na ga dokin nan ya rame da yawa, hawansa a haka zalunci ne, gara ya ɗan murmure. Ya ce da gaskiyata, a ba shi sati biyu. Abin da ya sa ƙaryar ta yi mini daɗin faɗa, rabinta gaskiya ne.

Kiwo kuwa na iya, ko in ce na ɗauka na iya. A gidanmu na tashi na ga mahaifiyata tana kiwon ragunan layya, duk unguwa ba mai kama ƙafarta. Dokarta ɗaya ce: a ɗaure rago a inuwa, kada ya yi yawo ya zubar da kitse, kada kuma gabansa ya rabu da abinci. Wannan karatun na kwasa na juye wa doki. Na kafa turke ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida. Da safe dusa da kanwa, da rana harawa, da yamma jiƙaƙƙiyar dawa ƙwarya cike. Kafin wata guda haƙarƙari ya ɓace, gashi ya kwanta yana sheƙi. Duk wanda ya leƙo sai ya ce tubarkalla, ni kuma kaina ya ƙara girma.

Sati biyu suka zama wata biyu. Yau in ce jarrabawa, gobe in ce majayin sirdi ya tsinke yana wurin baduku, jibi zazzaɓi. Har na ƙware, tun da azahar nake shirya ƙaryar da zan faɗa da la'asar.

Dokin kuwa ya ƙi zama. Yini yake yana zagaya turke har ya fitar da hanya a ƙasa kamar masussuka. Ya haƙa rami da ƙafar gaba, in cike, kafin gari ya waye ya sake haƙawa. Ya gaigaye bawon dalbejiya iya inda bakinsa ya kai. In su Likita suka wuce ya ji ƙarar kofato, sai ya yi ta haniniya yana fizgar igiya har turken ya yi ta rawa. Ni ma na rasa sukuni. Ina gaban allo ina koyar da lissafi, kunnena yana gida. In na dawo ba na iya zama a kan tabarma, in shiga ɗaki in fito, in leƙa shi in koma. Ga shi kullum ƙara ƙarfi yake, ƙara zafin kai yake, tsorona yana ƙaruwa. In tsoron ya taso kuma ba abin da na sani sai in ƙara masa hatsi, don in yana ci ne kawai yake yin shiru.

"Malam," matata ta ce wata rana tana tankaɗe, "wai layya za mu yi da shi ne bana? In sani in nemi babbar tukunya."

Na ce ta kiyaye ni. Ta ce ita dai ta ga masu doki suna hawa ne, ba ta taɓa ganin mai gadin doki ba sai a gidan nan. Ranar ban ci tuwonta ba.

Likita ma ya yi magana, ba sau ɗaya ba. Ta ƙarshen ita ce ba na mantawa. Ya shigo ya tsaya yana kallon ramin da dokin ya haƙa, ya danna masa wuya da babban yatsa ya ji yadda kitse ya daskare.

"Malam, doki ba rago ba ne. Hatsin da kake ba shi, sai ya ƙone shi da gudu. In ba ka da lokaci, kawo shi, ni in riƙa fita da shi da safe."

Mafita ke nan Allah Ya kawo mini har gida. Amma ji na yi kamar ya leƙa cikina ya ga abin da nake ɓoyewa, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce masa a garinmu ba a aron doki, kamar yadda ba a aron wando. Na ce da kuɗina na saya, in na ga dama in hau, in na ga dama in zuba masa ido. Ban tsaya nan ba, sai da na ƙara da cewa kowa ya ji da tsohon dokinsa. Ya dube ni ya ce, "Allah ba da haƙuri, Malam." Daga ranar bai sake tsayawa ƙofar gidana da la'asar ba, sai dai gaisuwa in mun haɗu.

Da kaka ta yi, wani uban ɗalibina ya aiko mini da sabuwar masara daga gonarsa a Kwaja. Yammacin ranar dokin ya fi kullum fitina, har ya kusa tumɓuke turke. Haushi ya kama ni, na cika masa daro da masarar nan, ban ko auna ba, na ce ci ka ƙyale ni.

Kwana biyu bayan haka na idar da sallar asuba, gari ya waye, na ji gidan shiru. Ba haniniya, ba tonon ƙasa. Da farko har daɗi na ji. Da na fito sai na gan shi tsaye wani iri, ya miƙa ƙafafun gaba can gaba, ya tattara nauyinsa ya koma baya kamar mai shirin zama. Gumi yana tsattsafo masa a wuya. Na ja igiya, ya ƙi ɗaga ƙafa. Ban san lokacin da na isa ƙofar Likita ba takalmi ba.

Bai tuna mini da maganar wando ba. Ya zo ya durƙusa ya dafa kofato, ya kama hannuna ya ɗora a kai. Zafi rau, kamar dutsen guga.

"Hatsi ya sauka masa a ƙafa," ya ce. "Kwance shi. Mayo za mu je."

Mayo shi ne kogi a bakin mutanen can. Daga gidana zuwa kogin ba wata tafiya ba ce, amma sai da rana ta ɗaga muka isa. Taku ɗaya, tsayawa, nishi. Likita yana gaba yana lallashi, ni ina baya ina turawa, mutane suna ta sannu. Muka shigar da shi ruwa har gwiwa, inda yashi yake da laushi, muka tsaya. Tun daga ranar aka hana shi hatsi ko ƙwaya, sai busasshiyar ciyawa. Likita ya sa na kwaso yashi na zuba masa a turke. Safe da yamma muna mayo, shi kafin ya tafi asibiti, ni kafin a buga ƙararrawa. Ya bar kilisarsa gaba ɗaya saboda dokin da na ce masa ba ruwansa da shi. Abinci ya daina shiga mini. Kullum in tambaye shi, "Likita, yau fa?" Ya ce mu dai ci gaba.

A sati na uku zafin ya sauka, dokin ya fara takawa da ɗan dama. Raina ya dawo. Na yi wa Allah alkawari a zuciyata, in ya warke zan hau shi ko zai kashe ni. Wata rana da yamma muna cikin ruwa, Likita ya jawo shi bakin gaɓa ya ɗaga ƙafar dama ya wanke ta, ya daɗe yana dubawa. Ya ɗaga ta hagu. Sannan ya kira ni ya nuna mini. Cikin kofaton da ya kamata ya zama da zurfi kamar ludayi ya sauko ya yi tudu.

"Zai rayu," ya ce. "Zai taka a wuri mai laushi. Amma ya gama ɗaukan mutum."

Na ce ko nan da shekara? Ya girgiza kai. Ya mayar da dokin cikin ruwa, ya juyo gare ni. Ba faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Malam, wata biyar. Doki mai ƙafa irin wannan. Me ya sa?"

Na buɗe baki zan kawo wata ƙaryar, sai na ji ba saura. Na ce masa ya taɓa kayar da ni a hanyar Kolere tun kafin Lahadin nan ta farko. Na ce tun ranar tsoronsa nake ji.

Ya tsaya yana kallona, ruwa yana wucewa ta ƙafafunmu.

"Wannan kawai?"

Na ce shi ke nan.

"Wannan kawai," ya sake faɗa. "Malam, wa ya hau doki bai faɗi ba? Da ka gaya mini, ai sai in ba ka tsoho nawa ka koya, ni in hau naka. Sati ɗaya ya isa."

Ya juya mini baya ya sunkuya, yana kamfatar ruwa da hannu biyu yana zuba wa dokin a ƙwauri, yana yi masa magana a hankali da yarensu na Michika. Ban ji ko kalma ɗaya ba, ban kuma tambaya ba. Na san haƙuri yake ba shi, wanda ni ya kamata in bayar. Ina tsaye riƙe da igiya, dokin ya sunkuyo ya ɗora mini haɓarsa a kafaɗa, don ƙafafunsa sun gaji.