Muryar da na kai Maradi

Ana sallame sallar asuba muka bar tashar Dakoro, ni da ƙanwata, a wata mota da ta ci a ce ta yi ritaya tun ina 'yar makaranta a lakwal. Kuɗin mota jika uku kowa, kuma har da akuya a bayanmu tana cin gefen mayafina. Ban damu ba. Zuciyata na kan kaset ɗin da marigayi maigidana ya aiko mini daga Libiya lokacin da yake nemana, minti sittin na kalaman da har yau ke sa ni sunkuyar da kai. Rediyonmu ta mutu, shi ya sa zan kai a juye muryar a waya.

Ƙanwata tela ce. Ta ce jakata ba ta da zip, ta karɓi kaset ɗin ta tura cikin jakar ɗinkinta. A Kornaka muka ci ƙosai mai yajin da ya sa ni hawaye, jandarma suka tsayar da mu sau biyu, muka shiga Maradi da hantsi.

Mai gyaran da aka kwatanta mana ya yi karatun kimiyya a jami'a kafin ya buɗe rumfa. Ya sa kaset. Murya ta fito, ta nutse, ta sake fitowa, kamar mai magana cikin rijiya. Ya leƙa jakar ɗinkin, ya zaro mayen ƙarfe na tsohon lasifika, wanda ƙanwata ke tsince allura da shi.

"Hajiya, wanga abu ya sha maganar."

Ya ce zaren kaset shafe yake da garin ƙarfe wanda ya fi garin bula laushi, kowace ƙwaya na riƙe da guntun sauti. Masu yin na kirki suna cire wani kaso na ƙarfen su sa wani ƙarfe wai shi kobal a gurbinsa, sai ƙwayar ta yi taurin kai, ba ta saurin juyawa. Nawa na araha ne, ba kobal. Awa uku yana manne da mayen ƙarfe.

Na juya kan ƙanwata. "Ke, Allah ya isa tsakanina da allurarki!"

"Yaya, ni na san ƙarfe na jin magana?"

Na ji haushinta, na ji na ɗan kasuwar da ya sayar da shara, har shi marigayin bai tsira ba. Ka iya sayo mini turare mai tsada, amma muryarka ka zuba ta a kaset ɗin banza?

An juye abin da ya rage. Jimla ɗaya ce ta fito cikakkiya, inda yake tambayar abokinsa: "Kai, abin ga yana ɗauka kuwa?"

Muka dawo Dakoro da magariba. Tafiyar ta koya mini cewa abin da ba ka da biyunsa, kada ka ba kowa riƙo, ko da ciki ɗaya kuka fito. Shekara goma sha tara ina cewa gobe zan juye shi. Yanzu kullum in na kunna wayar sai ya tambaye ni ko yana ɗauka, ni kuma sai in ce masa: ya ɗauka, mu ne muka zubar.